Malamin Malamai: Matsayinsa Tsakanin Nazari da Koyarwa

Gabatarwa

A al'adar Hausawa sana'a ita ke ba mutum suna. In an ce maƙeri, ko majemi, ko marini, kowa ya san abin da ke hannunsa. Amma malamin da ke koyarwa a kwalejin horon malamai sunansa bai zauna daram ba. Shin masanin fanni ne kamar takwaransa na jami'a, ko kuwa gwanin aji ne da aka ɗora wa nauyin renon wasu malamai? Wannan maƙala za ta bi asalin wannan tambaya da abin da ta haifar.

Asalin Matsalar

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, manufarta a fili take, watau samar da malamai ga makarantun Arewa. Haka kuma a kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu da suka biyo baya, da yawa daga cikin masu koyarwa sun taɓa riƙe alli a firamare, suna koyar da abin da suka yi da hannunsu.

Al'amarin ya sauya bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960. An kafa manyan kwalejojin horon malamai a Zariya a 1962 da Kano a 1964, masu ba da takardar NCE, aka kuma jingina su da Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan digiri ya zama mabuɗin shiga aikin. Da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976, buƙatar malamai ta yi yawa, aka ɗauki masu digiri da dama waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban yara ba, aka ce su horar da masu tsayawa gaban yara.

Taura Biyu

A yau ƙarin girma a kwaleji ya dogara ƙwarai a kan manyan digirori da maƙalun da aka buga. Duba ɗalibai a lokacin gwajin koyarwa, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, ba ya da nauyi irin wannan a ma'auni. Alal misali, malamin Hausa zai iya yin fice da nazarin rukunonin aikatau da Parsons ya tsara, alhali ɗalibinsa ya fita bai san dabarar da zai bi ya sa yaro ɗan shekara shida ya bambance k da ƙ, ko d da ɗ, a rubuce ba. Asarar a kan yaron nan take faɗawa. Bugu da ƙari, dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE ta ƙara karkatar da malamin wajen jami'a.

Kammalawa

An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a nan ba dole ne a tofar da ɗaya ba. Malamin malamai yana da fannin kansa: sanin yadda ake mayar da ilimi abin da yaro zai ɗauka. Idan bincikensa ya fuskanci ajin firamare, aka kuma lissafa duba gwajin koyarwa cikin sharuɗɗan ƙarin girma, to nazarinsa da koyarwarsa za su zama aiki guda, sunan sana'arsa kuma ya tabbata.