Bakwaini da Cutar da ke Shiga Jini Bayan Kwana Uku

A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, idan bakwaini ya yi kuka ya fara tsotsa, hankalin gida kan kwanta. Likitocin jarirai kuwa a lokacin suke ƙara sa ido, musamman ga wanda nauyinsa bai kai giram 1,500 ba.

Cutar da ta bayyana a jini cikin sa'o'i 72 na farko galibi daga uwa take zuwa wajen haihuwa. Wadda ta biyo baya daga wurinmu take: hannun da ba a wanke ba, allurar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya, cibiyar da aka gasa da tsumma ko aka shafa wa man goge baki. Fatar bakwaini ba ta yi ƙwari ba, kuma yawancin garkuwar da uwa ke ba ɗa sai a watannin ƙarshe na ciki take ratsawa. Shi ya fito kafin ya karɓi rabonsa.

Ba lallai jikinsa ya yi zafi ba. Sau da yawa sanyi yake yi, ya ƙi nono, ya yi laushi, ciki ya kumbura, numfashi ya riƙa ɗaukewa. Kwana ɗaya na jira ya isa a rasa shi.

Maganin ma ya fara gazawa. Binciken BARNARDS, wanda Asibitin Murtala na Kano ya shiga, ya gano cewa yawancin ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella sun daina jin magungunan farko da aka saba bai wa jarirai. Shi ya sa na fi ba rigakafi ƙarfi. Goyon kangaru, wato ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa, an fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978. Gwajin da aka wallafa a 2021, har da asibitin Ile-Ife, ya nuna fara shi nan take ya rage mutuwar irin waɗannan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Ga kuma dakashi, da man kulohezidin na cibiya.

'Yan barka da 'yan suna, a yi haƙuri da ɗaukar bakwaini. Wanda zai taɓa shi, ya wanke hannu da sabulu. Idan jaririn ya ƙi nono, a nufi asibiti a ranar.