Kafin a ɗora wa a-kori-kura rumfa

A Amurka akwai ɗakin kwana da ake zurawa a bayan a-kori-kura, a sauke shi in an dawo daga tafiya. A Dutsi kuwa rumfar ƙarfe ce masu walda ke kafawa, a lulluɓe da tamfal, a loda buhunan gero da ’yan kasuwa zuwa Shargalle, Mashi ko Mai’aduwa. Lissafin dai ɗaya ne: nawa motar ke iya ɗauka?

Toyota Hilux tana ɗaukar wajen tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100. Sai dai a cikin tan ɗin nan ake cire nauyin rumfar, da direba, da yaron mota, da duk wanda ya ɗare sama. Nan ne masu sayen mota ke yin tuya su manta da albasa. Mai kujeru gaba da baya ta fi daɗin zama, amma bayanta gajere ne, kaya kan zarce tayoyin baya. Da zarar haka ta faru gaban motar ya yi sakayau, sitiyari ya riƙa rawa, birki ya yi sanyi. Mai layin kujera ɗaya ta fi dacewa da lodi.

Tsohuwar a-kori-kura Peugeot 504, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, har yau tana fita kasuwa, don kusan kowane bakanike ya san cikinta.

Mai saye ya durƙusa ya leƙa sifirin. In sifirin ya miƙe sambal alhali ba kaya, motar ta riga ta gaji.