Ko Ka Sani? Muryarka Tana Iya Ɗaure Maka Harshe

Ko ka san cewa mutum, kome fasaharsa, kome kaifin harshensa, idan aka ɗauki muryarsa aka mayar masa da ita cikin kunnensa bayan jinkirin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba, sau da yawa nan take harshensa zai sarƙe, ya shiga in'ina, yana jan wasali yana maimaita gaɓa, har ya gaji ya yi shiru? Wani injiniya a Amurka, Bernard Lee, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan al'amari a rubuce, a shekarar 1950. Sababinsa kuwa shi ne, Allah cikin hikimarsa ya halicci ɗan Adam yana magana yana sauraron kansa, kunne yana yi wa harshe gyara ba tare da mai su ya sani ba. To, da zarar kunne ya makara da labari, sai harshe ya tsaya jiran kalmar da ya riga ya furta.

Wannan 'yar mas'ala ta shafi sana'ar rediyo da talabijin sukutum. Tun da aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, zamanin Sardauna, akwai wata magana da ke gudana a bayan kowane shiri wadda mai kallo ba ya jin ta faufau, wato maganar darakta da ma'aikatansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai ɗaukar hoto a Dandalin Murtala ranar wani babban taro ya ga kayan aikin: hedifon mai rufe kunne guda, ɗayan kunnen a sake domin jin abin da ke faruwa a fili, da siririn makirufo a gefen baki, da ɗan akwati maƙale a ƙugu mai maɓallin da ake dannawa kafin a yi magana. Sai ka ga mutum ya juya kyamara farat ɗaya alhali ba ka ji wanda ya umarce shi ba.

A da kowa a kan waya guda yake rataye, kowa yana jin kowa, irin tsarin da kamfanin Clear-Com ya fito da shi a San Faransisko a 1968. Yau kuwa hedifon ɗin bai canza ba, akwatin ƙugun ne ya zama 'yar kwamfuta. Yana auna muryar sau 48,000 a kowane sakan, ya mai da ita lambobi, ya ƙunsa ƙulli ƙulli, ya tura ta cikin irin kebul ɗin da ake haɗa kwamfutocin ofis da shi, kuma ta wannan kebul ɗin dai yake shan wutarsa, muddin tsawonsa bai wuce mita 100 ba. Mafi shaharar wannan tsari shi ne Dante, na kamfanin Audinate da ke Sidni ta Ostireliya, wanda ya fito a 2006. A 2013 kuma aka yi ittifaƙi a kan ƙa'idar AES67, domin na'urorin kamfanoni dabam dabam su fahimci juna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin lokacin. Jinkirin da aka saba ƙayyade wa wannan hanya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, sauti kuwa a cikin iska yana cin kimanin mita 343 a sakan, wato a cikin wannan ɗan lokaci bai fi tafiyar santimita 34 ba, ko kamu guda bai cika ba. Ashe ke nan, ko da an haɗa da ɗan abin da ake ɓatawa wajen juya murya zuwa lambobi da komo da ita, umarnin darakta yana isa kunnen mai kyamara da ke can ƙarshen gini tun bai isa kunnen wanda ke tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa ba!

Hakan ba ta yiwuwa sai agogunan na'urorin duka sun daidaita, saɓaninsu bai wuce kamar kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Dabarar da aka yi ita ce, na'urorin da kansu suke zaɓen wadda ta fi ingancin agogo su gabatar da ita, sauran su yi koyi da ita kamar yadda mamu suke bin liman, ba mai riga ba mai makara. Idan kuwa wani uzuri ya same ta, sai wata ta matso daga sahu ta ƙarasa, irin abin da malaman fiƙihu suke kira istihlafi, mai sauraro bai ma san an yi ba.

Amma fa nisa ba ya jin lallashi. Tauraron ɗan Adam na sadarwa yana tsaye ne a kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, hawa da sauka kawai suna cin kusan rubu'in sakan, kusa da gwargwadon da ke ɗaure harshe. Saboda haka wakilin da ke ba da rahoto daga Makka lokacin aikin Hajji ba a mayar masa da shirin yadda yake. Ana haɗa masa kowace murya ne a cire tasa. Ɗan abin da yake ji na muryarsa a hedifon, daga na'urar da ke jikinsa yake fitowa, bai je ko'ina ya dawo ba. Ko tauraron ɗan Adam ma ba lalle ba ne: lasifikar da aka kafa mita 70 daga mai jawabi tana komo masa da muryarsa a kan wannan jinkiri, shi ya sa wani mashahurin mai baki yakan hau mumbari a babban fili ka ji yana ta tuntuɓe.

Wasu Japanawa biyu, Kurihara da Tsukada, har bindiga suka ƙera da wannan hikima, suka sa mata suna SpeechJammer, a saita ta kan mai surutu ta watsa masa muryarsa a makare ya yi tsit, aka ba su kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012. (Na san majalisu da dama a Unguwar Rimi da za su yi karo-karo su saye ta.) Abin ajabi kuma, wannan jinkiri da ke sa lafiyayye in'ina, shi ne wasu masu in'ina na asali suke samun sassauci da shi, har akwai 'yan na'urorin kunne da ake yi musu domin haka.

To, mai karatu, ranar da ka buga waya gidan rediyo mai gabatarwa ya ce ka rage sautin akwatinka, kada ka ɗauka wulaƙanci ne: ka rage, ko ma ka kashe shi, ka saurare shi ta cikin wayar.