Mene ne kiɗan taiko, kuma yaya ake koyonsa?

Duk wanda ya ga bidiyon bukukuwan Japan a wayarsa ya ga samari da 'yan mata sun ware ƙafa suna dukan manyan ganguna baki ɗaya. Wannan shi ne taiko, wato ganga da Japananci. Ana fafe kututturen itace a rufe bakinsa da fatar saniya, a kaɗa da sanduna biyu masu kauri da ake kira baci.

Gangar tsohuwa ce, ta yi aiki a wuraren bauta da fagen yaƙi. Amma kaɗa ta cikin rukuni sabon abu ne: Daihachi Oguchi ya faro shi a 1951 a yankin Nagano, sannan ƙungiyar Kodo, da aka kafa a 1981 a tsibirin Sado, ta yawata duniya da shi.

Sabon shiga kan fara da tsayuwa: gwiwa a lanƙwashe, ƙarfin duka daga kwankwaso yake fitowa. Sai haddar kiɗan da baki. Malami ya ce "don", a doki tsakiyar fata. Ya ce "ka", a ƙwanƙwasa gefen itacen. Saboda tsadar ganga, da yawa kan fara da tsohuwar tayar mota, kuma kanta a tafin hannu ba makawa.

A Gombe, tamburan da ake kaɗa wa Sarki ranar hawan salla gado ne, ɗa kan koya a wurin uba. Taiko kuwa kowa na iya shiga aji, har yaran makaranta da tsofaffi.