Sake Fasalin Umarnin Kwamfuta: Matsalar Yanko Sashe Daga Cikin Jeri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan sake fasalin umarnin kwamfuta, watau gyara ƙirar rubutun umarni ba tare da an sauya aikin da yake yi ba. A kan wannan ƙa'ida Martin Fowler ya gina littafinsa na 1999. Za mu ɗauki misali guda daga harshen Python.

2.0 Tsohuwar Hanya da Sabuwa

A ƙaddara muna da jerin sunayen ɗalibai 10, ana bukatar na uku zuwa na biyar. Mai koyo yakan buɗe sabon jeri, sa'an nan ya sa kwamfuta ta yi ta zagaye, tana ɗauko sunayen ɗaya bayan ɗaya bisa lambar gurbinsu, tana zubawa a ciki. Layi uku ke nan, alhali kuwa layi ɗaya ya wadatar: sunaye[2:5].

Dalili shi ne, daga sifiri ake fara ƙirga gurabu, don haka gurbi na 2 shi ne suna na uku. Gurbi na 5 kuwa iyaka ne kawai, ba ya cikin abin da za a yanko. Edsger Dijkstra ya kare wannan tsari a 1982. Amfaninsa a fili yake: in an ɗebe 2 daga 5, saura 3, adadin sunayen ke nan daidai.

3.0 Inda Haɗarin Yake

To, amma hanyoyin biyu ba su zama ɗaya a kowane hali ba. Idan sunaye huɗu kaɗai ke cikin jerin, tsohuwar hanya za ta tsaya cik, ta sanar da kuskure. Sabuwar kuwa sai ta miƙo sunaye biyu, ta yi shiru. Ashe ke nan an gajarta rubutu, an kuma kawar da mai gargaɗi. In jerin sakamakon jarrabawa ne, ana iya buga shi da giɓi, ba wanda ya farga.

4.0 Kammalawa

Bisa ga wannan, wajibi ne malami ya horar da ɗalibansa su tanadi gwaji tun kafin su taɓa umarnin: da cikakken jeri, da gajere, da wanda babu kome a ciki. In sakamakon ya saɓa bayan gyara, to aikin umarnin ne ya sauya, sai a mayar masa da sharaɗin duba tsawon jeri kafin yanka.