Masunci shi kaɗai a Tabkin Cadi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san Tabkin Madarunfa. Mai jirgi yakan ƙetare shi, ya kwana gida. Tabkin Cadi, can gabas da Difa, ba haka yake ba. Hausawa masunta sun daɗe suna zuwa can cin rani. Wani yakan shiga kwale-kwale shi kaɗai, ya yi kwanaki yana tuƙi. Guzurinsa garin rogo, ashana, tukunya da sange. Da dare ya sauka tsibiri, ya hura wuta, ya yi bandar kifinsa.

Amma aikin da wuya. Ciyawa ta kan rufe hanya, mutum ya ɓata. Ga iska, ga dorina, ga sauro. Farin 1973 ya raba tabkin biyu, ruwa ya yi nisa da Ngigmi. A 2015 Boko Haram ta kai hari tsibirin Karamga, hukuma ta kwashe mutanen tsibirai.

Saboda haka, matasan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, kada kuɗin banda ya ruɗe ku. In tafiya ta kama, ku fara tambayar hukuma labarin hanya, ku bi ɗan gari. Rai ya fi kifi.