Bambance Nau'o'in Kifin Shak a Hausa: Matsalar Suna da Kariya

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da wadatar sunayen kifayen kogi da tafki, kamar tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da ƙurungu. Amma ƙasar Hausa ba ta iyaka da teku. Saboda haka Hausawan da cinikin goro ya zaunar a Agege ta Legas suka tarar da kifayen da harshensu bai raɗa wa suna ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Yarabawa ke kira ekura, Hausa kuma ta aro masa kalmar shak. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kalma ɗaya ba ta wadatar ba.

2.0 Bambancin Nau'o'i

Shak ya haura nau'i 500. Dukkansu guringuntsi gare su a maimakon ƙashi, amma sun sha bamban ta fuskar siffa da abinci da haihuwa.

(a) Shak mai kan guduma: kansa shimfiɗaɗɗe ne, da ido a kowane gefe. Ana farautarsa saboda fiffikensa, wanda ake miya da shi a Asiya. A 2019 Ƙungiyar IUCN ta sanya manyan nau'o'insa biyu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa.

(b) Shak mai ɗige-ɗige: shi ne kifi mafi girma a duniya, ga shi kuwa ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya ci. An sanya shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 2016.

(c) Shuɗin shak: macensa takan haifi 'ya'ya da dama a ciki ɗaya, don haka matsayinsa bai kai na waɗancan tsanani ba.

Shi kuwa kifi mai zarto, duk da kamarsa da shak, ba shak ba ne.

3.0 Kammalawa

Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta ƙayyade cinikin masu kan guduma tsakanin ƙasashe tun daga taron Bankok na 2013, ta kuma faɗaɗa jerin a taron Fanama na 2022. Dokar nau'i-nau'i take bi. Ɗan kasuwar da duk shak ne a wurinsa ba zai rarrabe wanda aka ƙayyade da wanda ba a ƙayyade ba. Sunayen da aka kawo a sama shawara ce, kuma ya kamata masana su gwada su a bakin Hausawan Legas kafin a shigar da su ƙamus.